Maganin Ruwa

"Malam, aje goron nan ka hito! Dikko na kakarin amai tun ɗazu, kuma ban so sautin ba."

Balaraba ce, matata, ta hau kan turmi tana leƙen gidan maƙwabcinmu ta saman katanga. Hantsi ne, shigowata ke nan daga tasha. Na zura takalmi ƙafa guda, ɗayan ban tsaya nemansa ba.

Na iske Dikko durƙushe a bakin rariya, ya dafa ƙasa da hannu biyu. Yawu na dalala daga bakinsa, leɓɓansa sun kumbura sun yi jawur. Gefen murhu ga 'yar tukunya, ga kofin silba a kife.

"Mi kash sha?" na tambaye shi.

Ya nuna rumfa da haɓa. "Ɗanɗanawa nay yi. Maƙoshina, Maliki. Awa an zuba min garwashi."

Dikko ba boka ba ne, manomin shinkafa ne, gonarsa na cikin fadama. Marigayiya matarsa Sadatu ita ce mai magani a unguwarmu ta Argungu. Yaro ya yi zazzaɓi, mace ta haihu, wurinta za a nufa. Ita ke shiga daji ta samo ganye da saiwa da sassaƙe, ta wanke, ta yanyanka, ta baza a faifai ƙarƙashin rumfa, don a cewarta rana na shanye ƙarfin magani. In sun bushe ta daka, ta ƙulle a tsumma. Wani a dafa a sha da ɗumi, wani a jiƙa a tulu da jar kanwa ya tsimu. Kuma tana da ƙa'ida: ba ta miƙa wa ko maƙiyinta abin da ba ta fara sawa a bakinta ba.

Da ta rasu, Dikko ya ƙi barin rumfar ta zauna fayau. Ya ci gaba da shanya sabara da giyayya da ɓawon hano, irin waɗanda ko ni na sani. Kullum da safe za ka gan shi yana juya ganye da yatsu, yana magana ƙasa-ƙasa. Mun bar shi. Kowa da yadda yake zaman kewa.

Na je rumfar. Cikin fayafayan akwai ɗaya da guntayen wata saiwa fara, busasshiya, an yanka ta ƙanana. Na shinshina, sai atishawa.

"Wa yab ba ka wagga?"

"Tamba."

Tamba masunci ne, gidansa na bayan namu. Balaraba ta ƙwala masa kira, ya shigo da komar kamun kifi a kafaɗa yana dariya, yana cewa ko an yi rabon tuwo ne ba shi. Da ya ga Dikko, ya ga faifan a hannuna, dariyar ta tsaya.

"Ai tururibi ne," in ji shi. "Mi yak kai shi bakin mutum?"

Na san tururibi. Saiwa ce da wasu masunta ke dakawa su zuba a kududdufi, kifi ya taso ciki sama. Sarkin ruwa ya hana, wanda aka kama da ita sai ya gane kurensa.

"Maganin ruwa na ce maka," in ji Dikko, muryarsa na karcewa.

"To ai shi nak kawo! Ka jawo ni gehe bayan masallaci, kana raɗa, kana waige-waige, ka ce in na ƙetare gulbi in samo maka maganin ruwa, kar kowa shi ji. Na ɗauka kihin da ambaliya ta bari cikin gonarka kaka so. Mi zan tambaya?"

Nan na gane abin da ya faru. Dikko 'ya ɗaya gare shi, Kulsumi, tana aure a Badariya can Birnin Kabi. Ta yi haihuwar fari, kuma da yake babu uwa a gida, ba ta zo wanka ba, ta zauna hannun surukarta. Labari ya zo cewa ruwan nono bai kawo ba, jariri sai kuka. Sadatu tana da wata farar saiwa daga ƙetare da take ba masu jego. Dikko ya san kamarta, bai san sunanta ba. Kuma uba ba ya buɗe baki ya ambaci nonon 'yarsa ta fari gaban wani namiji. Kunya ta sa ya yi raɗa, ya gutsure maganar. Tamba kuma ya ji raɗa, ya ɗauka ta laifi ce.

"A kawo manja," na ce. "Balaraba, madara ko nono, duk wanda kinka samu. Tamba, nemo amalanke mu kai shi asibiti."

Dikko ya damƙe rigata. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a hannunsa ba.

"Na aika mata."

"Ka aika mi?"

"Na daka na ƙulle. Motar Hodi ta sahe. Yana ta hon, na ce in ba shi in dawo in ɗanɗana." Ya yi tari, abin da ya fito da jini-jini. "Sadatu ba ta taɓa yin haka nan ba. Ita sai ta sha. Maliki, bar ni. Tahi."

Ni na yi yawo. Na kai albasa Ikko, na kai Kumasi, na kwana a hannun 'yan kwastan, mota ta taɓa kifewa da ni a hanyar Kwantagora na fito ina kakkaɓe riga. Karatuna bai wuce na salla ba, amma ban cika rasa dabara ba. Ranar na rasa. A lokacin muna jihar Sakkwato, waya sai ofishin gwamnati, in ma ka samu, wa za ka kira a Badariya? Babu abin da zai riga ƙullin nan sai ƙafar mutum, shi kuwa ya ba ni rata tun asuba.

Na bar shi hannun Balaraba da Tamba, na ruga tasha. Motar fasinja ba ta ko yi rabi ba, direban na kwance a benci yana sakace. Sai ga wata akori-kura ta ɗauko albasa za ta fita. Na sha gabanta. Direban ya san ni, na taɓa raba shi da wata rigima a Jega.

"Baba Maliki, babu wuri."

"Akwai bisa buhu."

Haka na hau, tsoho da ni, na rungume igiya. Motar ta yi nauyi, tafiya take kamar mai ciwon baya. Duk ramin da ta faɗa sai in ce yanzu Kulsumi ta kwance ƙulli. Duk garin da muka wuce sai in ce yanzu ta ɗora tukunya. Ina ta lissafi da zuciyata: mai jego ba ta rasa hidima da safe, ga wanka, ga 'yan barka, wataƙila sai yamma. Sai wata zuciyar ta ce, yarinyar da ɗanta ke kuka da yunwa, an kawo mata magani daga hannun ubanta, yamma za ta jira? Kuma in ta sha, ta ba jariri nono, ko digo ne? Na rufe ido, sai in ga leɓɓan Dikko.

Daf da Ambursa na hango Fijon Hodi tana dawowa, shuɗiya mai ƙofa ɗaya fara. Na buga kan akori-kura da tafin hannu har direban ya taka birki, na diro na tsaya tsakiyar titi na ɗaga hannuwa. Hodi ya tsaya yana zagi, da ya ga ni ne ya haɗiye sauran.

"Saƙon Dikko. Ka kai?"

"Hannu da hannu. Har ta ce in gaya ma Baba yanzunga za ta dahwa, ta gode. Lahiya?"

"Juya."

"Baba, da mutane cikin mota."

"Guba ce ka kai, Hodi. Juya."

Fasinjojin da kansu suka fara fita, wata tsohuwa tana salati tana jan ƙullin kayanta. Hodi ya juya motar nan inda take. Daga Ambursa zuwa gari hon kawai yake ta dannawa. Ni kuma ina ta jan Ƙulhuwallahu, ina kaiwa tsakiya ina ɓata.

Badariya lokacin gidaje jefi-jefi ne. Ya tsaya ƙofar wani gida mai zaure, na faɗa ciki ba sallama. Wata dattijuwa na tsakar gida tana tsame ganyen darbejiya daga tukunyar wanka. Goggo Uwa ce, surukar Kulsumi.

"Kai! Wane irin ƙato ne wanga? Gidan jego za ka hwaɗo ma mutane awa an koro ka?"

"Gahwara, Goggo. Maƙwabcin Dikko ne. Ƙullin da anka kawo da sahe, ina shi?"

Ta taɓe baki. "Wannan tarkace? Yaushe namiji yas san maganin jego? Na ce ta aje, ni ka ba ta nawa. Ga shi can bisa rumhwa."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na miƙa hannu saman rumfar ina lalube. Ga busasshiyar kuɓewa, ga tsohon faifai. Babu ƙulli.

Goggo ta dubi rumfar, ta dube ni, muka dubi ƙofar ɗakin tare.

Na yaye labule. Ɗakin da zafi, akwai kaskon garwashi ƙarƙashin gado yadda ake yi wa masu jego. Kulsumi na zaune a ƙasa bayan ƙofa, inda ba a hango ta daga waje, jariri a cinyarta yana wani kuka siriri da ba shi da ƙarfi. Gabanta ga 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi, ga kofi, ga tsumman ubanta a kwance. Ta ɗora tafin hannunta a jikin tukunyar.

"Baba Maliki?" Ta jawo mayafi.

"Kin sha?"

"Tukuna. Inna ta ce ba a shan magani sai tahin hannu ya iya zama bisa tukunya. Saura kaɗan."

Na durƙusa na ɗauki kofin, na sa yatsa ciki. A bushe. Na dubi bakinta da kyau, har ta sunkuyar da kai.

"Ko ɗanɗane? Ko lasa? Yaron hwa?"

"Wallahi ban taɓa ba. Mi yah hwaru?"

Ba a jefa wa mai ɗanyen jego mummunan labari. Na jawo tukunyar gabana, na tattara tsumman da sauran garin na cusa aljihu.

"Babanki yac ce ya yi mantuwa, akwai abin da bai sa ba. Kin san shi da son abu ya cika."

"Ya ɗanɗana?"

"Ya ɗanɗana. Ya ce ɗaci ya yi yawa."

"Lahiya tai lau?"

"Lau."

Idonta ya sauka ƙasa ya tsaya.

"Baba Maliki, ina takalminka guda?"

Na ce sauri ne. Ta ci gaba da kallon ƙafar, tana jijjiga yaron, hawaye na sauka kan zanensa. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara ba.

A zaure na gaya wa Goggo Uwa gaskiya. Ta dafe ƙirji, ta zauna daɓas a dakali. Ta ce in tuttular da abin nan take. Na duba tsakar gidan, ga kaji, ga akuya, ga yaran maƙwabta. Na ce a'a, inda ya fito zai koma. Ta ba ni tsohon ɗankwali na ɗaure murfin, na rungumo tukunyar zuwa mota.

Dawowa Hodi bai rage gudu ba. Tukunyar na tsakanin cinyoyina, duk gargada sai ta fantsalo ta gefen murfi, ta jiƙa mini riga. Wani tsoron kuma ya taso. Da zuwa ina roƙon in riga Kulsumi, yanzu ina roƙon in iske Dikko. Kada mutumin nan ya tafi da tunanin ya kashe 'yarsa da jikansa da hannunsa.

Ana kiran la'asar muka shiga Argungu. Ƙofar gidan Dikko da mutane zazzaune, amma ban ji kuka ba. Tamba na rakuɓe cikin zaure, ya haɗa kai da gwiwa.

"Yana nan?"

"Yana nan. Ya ƙi amalanke, ya ce in anka ɗauke shi ba ka sanin inda za ka iske shi. Mun ɗauko malamin asibiti, ya yi mai allura, ya girgiza kai." Ya ɗago jajayen idanu. "Yarinyar?"

"Ba ta sha ba."

Tamba ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na rawa.

Na kwance ɗankwalin na buɗe tukunyar. Hanya ta ci wajen yatsa biyu. Na tsaya ina dubanta. Na san Dikko, na kuma san abin da Dikko ya sani a kaina. Akwai randa a zauren. Na ɗebi ruwa da moɗa na ƙara har ya kai wuya, inda tafasa ta bar zobe. Tamba na kallona.

An kwantar da shi a tabarma bakin ɗakinsa, Balaraba na yi masa fifita. Fuskarsa ta faɗa tun safe zuwa yanzu kamar wanda ya yi wata yana jinya. Idonsa a buɗe, amma bai bi ni da kallo ba sai da na yi magana.

"Dikko, na dawo."

Bakinsa ya motsa. Sai da na kai kunne.

"Ta sha?"

"Ba ta sha ba. Ita da yaron lahiya lau."

Ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya girgiza kai a hankali.

"Kai hwa... ka saida ruɓaɓɓar albasa... ka rantse sabuwa ta."

Wasu daga cikin mazan da ke tsaye suka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

"Na saida," na ce. "Amma yau ba ciniki nika yi ba. Kawo hannunka."

Na ajiye tukunyar gefen tabarma, na kama hannunsa na ɗora a kai. Yatsunsa suka bi murfin, suka bi gefe, suka tsaya kan mariƙin da ya lanƙwashe.

"Ta Sadatu."

"Ita. Wadda Kulsumi ta gada. Ciki ta dahwa, a ɓoye, don surukarta ta hana. Tana jiran shi huce na shiga. Taɓa ka ji."

Na ɗage murfin. Ya zura yatsa ɗaya. Bai yi nisa ba ya taɓa ruwa. Ya tsaya. Ya zagaya yatsan a wuyan tukunyar, ya sake tsomawa, kamar bai yarda da na farko ba.

"Cike," in ji shi.

"Cike."

Balaraba ta kama yatsan ta goge da gefen zanenta, ta sake gogewa. Dikko ya saki wani dogon numfashi, jikinsa da ke a ƙage tun safe ya kwanta a tabarmar. Ya yi hamdala, ba sauti, sai motsin leɓe.

Can ya ce a kira Tamba. Tamba ya shigo da rarrafe, ya kasa dubansa.

"Ni nay yi raɗa," in ji Dikko. "Kai ka ji?"

"Na ji."

"Kar ka ɗauka laihinka ne."

Daga nan bai ƙara magana da mu ba. Liman ya matso yana yi masa kalmar shahada, yana bi a hankali. Inuwar katanga ba ta gama rufe tsakar gida ba ya cika. Muka yi masa sutura, muka kai shi kafin duhu.

Washegari da safe, kafin 'yan gaisuwa su taru, na ɗauki tukunyar da faifan saiwar da sauran garin da ke aljihuna, muka zaga bayan gari ni da Tamba, nesa da gulbi, nesa da inda awaki ke kiwo. Ya haƙa rami har ya kai masa ƙugu. Na zuba saiwar, na tuttule tukunyar a kai, muka tsaya ƙasa ta shanye. Sannan ya fara mayar da ƙasa.

Ramin ya cika, ya daddanne da ƙafa. Na ce masa ya isa, mu tafi. Bai ji ni ba. Ya ci gaba da karto ƙasa daga gefe yana tarawa a kai. Na zauna a kan wani kututture, tukunyar Sadatu a cinyata, ina jiransa.